Fetur Mai Etanol a Motar Gudu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hawa da Ajiya

Na daɗe ina kanikanci a wani gari da ke tsakiyar Amurka, yankin da in ka fita bayan gari ba ka ganin komai sai gonakin masara iya ganinka. Motocin da suka fi shigowa garejinmu ba na kai yara makaranta ba ne: Mustang, Corvette, Subaru WRX da BMW masu tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Masu su na hawansu daga Afrilu zuwa Oktoba, da an fara watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara sai a lulluɓe su a kulle. Cinikinmu mafi tsoka a watan da aka buɗe su yake zuwa, kuma kusan kullum maganar ɗaya ce, man da aka bari a tanki.

'Yan'uwa na nan, da na Ingila da Faransa, da masu sayen mota su tura gida, suna yawan turo mini tambayoyi iri ɗaya. Na gaji da maimaita amsa a waya, shi ne na tattara su wuri guda.

Oga, mene ne etanol ɗin nan, kuma me E10 da E85 ke nufi?

Etanol barasa ce da ake tatsowa daga amfanin gona. A Amurka daga masara ake yin ta, a Birazil daga rake. Lambar da ke bin harafin E ita ce kason etanol cikin ɗari: E10 kashi 10 etanol ne, sauran fetur. E85 kuwa sunansa na ɗan zuƙi ta malle, domin a Amurka an yarda ya kasance tsakanin kashi 51 da 83, kuma lokacin sanyi da gangan ake rage etanol ɗin don mota ta iya tashi da safe.

A Amurka kusan duk fetur ɗin da za ka sha E10 ne ko an rubuta da manyan baƙaƙe ko an ɓoye a ƙaramar takarda. Ingila ta mai da E10 fetur ɗin yau da kullum a Satumbar 2021, ta bar E5 a famfon mai tsada. Faransa ta fara sayar da E10 tun 2009, tana kuma da E85 a gidajen mai da yawa. Birazil ce uwa ma ba da mama a wannan harka: tun 1975 ta kama abin gadan-gadan, fetur ɗinta na kowa da kowa ya kai kashi 27 a 2015, aka ɗaga shi zuwa 30 a 2025.

Tarko ɗaya ga na Amurka: famfon da aka rubuta wa Unleaded 88 mai ɗan araha, E15 ne. Hukuma ta amince da shi ga motocin 2001 zuwa sama, amma ba kowane kamfanin mota ne ya amince ba. Duba littafin motarka.

Tun da barasa ce, ya halatta in zuba, kuma in ta taɓa mini riga fa?

Abin da zan faɗa a matsayina na bakanike shi ne, tun daga masana'anta ake gurɓata ta da fetur don kada ta shawu. Wanda ya kurɓa asibiti zai kwana. Batun najasa kuma irin wanda ake yi ne kan turare mai barasa, malamai sun yi saɓani a kai, sai ka kai wa malaminka.

Motata za ta iya shan E10 ba matsala?

In motar zamani ce mai nozul, kusan tabbas. Lokacin da Ingila za ta sauya, gwamnati ta ce duk motar fetur da aka ƙera daga 2011 ta dace, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ke kan titi ba su da matsala. Ragowar su ne tsofaffi masu kafireto da wasu 'yan tsiraru na farkon shekarun 2000, kamar injunan FSI na farko na Volkswagen da Audi. Tsada ba ta tsirar da mota: Porsche ta amince da E10 ga motocinta daga 1998, amma ta cire Carrera GT daga jerin.

Abin da za ka gani kawai shi ne shan mai ya ƙaru da kamar kashi 3 cikin ɗari. Yawancin mutane ba sa ma lura. Ƙafarka ta dama tana jawo maka asarar da ta fi haka a kowace danja.

An ce ƙarfin etanol bai kai na fetur ba. To me ya sa masu tsere ke rububin E85?

Dukansu gaskiya ne. Lita ɗaya ta etanol ƙarfin da ke cikinta bai wuce biyu bisa ukun na litar fetur ba. Sai dai abin da ke ƙayyade ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya shaƙa, da kuma iya matsar da za a yi mata kafin abu ya ɓaci. Mai kuwa ko nawa ne a iya ƙara shi. Fetur zalla yana son kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na mai. E85 kusan 9.8 yake so. Wato a iska iri ɗaya za ka ƙona mai da yawa, abin da ka rasa a lita ka mayar da shi a yawa.

Ribar gaske tana wuri biyu. Na farko oktan, wato juriyar mai ga matsi. A inji mai tobo, in matsi da zafi suka yi yawa, ragowar man da ke gefen silinda yakan yi riga malam masallaci, ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Za ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar ce ke fasa fistin da ringi. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, na jin ta sai ta ja da baya, ta jinkirta wuta, ta rage tobo, ƙarfi ya tafi. Etanol zalla oktan ɗinsa yana wajen 108 a lissafin Turai, inda fetur mai tsada yake 98. Na biyu sanyi. In ka taɓa shafa sifirit a hannu ka ji yadda yake sanyaya fata yana bushewa, to haka etanol yake yi wa iskar da ke shiga silinda, kuma zafin da yake kwashewa ya ninka na fetur fiye da sau biyu. Iska mai sanyi ta fi cika silinda, ta fi kuma jure matsi.

In kana son lamba, Dodge Challenger Demon 170 ta 2023 tana ba da ƙarfin doki 900 a E10, mota ɗaya inji ɗaya, a zuba mata E85 ta koma 1,025. Koenigsegg ta Suwidin ta riga ta nuna haka tun 2007 da CCXR mai doki 1,018, alhali 'yar'uwarta CCX mai shan fetur tana 806. Motocin gasar tseren NASCAR ta Amurka suna kan E15 tun 2011.

Amma in injinka ba tobo, matsinsa kuma na talakawa ne, kada ka sa rai. Ɗan abin da za ka samu bai kai kuɗin aikin ba.

To ni ma gobe in je in cika da E85?

A'a, sai in motarka an ƙera ta don haka, irin masu murfin tanki ruwan ɗorawa ko tambarin FlexFuel a baya. Motar da aka saita don fetur, ka ba ta E85, ƙwaƙwalwarta za ta yi ta ƙara mai har ta kai iyakarta ta kunna maka fitilar inji. A tafiyar sannu za ta lallaɓa. Ranar da ka take totur har ƙasa, mai ya gaza, iska ta yi yawa, silinda ya ɗau zafi, a nan ake kuka.

Mai son komawa E85 sai ya tanadi nozul da famfon mai da za su iya tura aƙalla kashi 30 cikin ɗari fiye da na da, da tiyo da robobin da etanol ba ya ci, da filtar ƙarfe ko ta zaren gilashi maimakon ta takarda, sannan a sake wa ƙwaƙwalwa saiti a wurin wanda ya san aikin. Abin da nake matsa wa kowa a kai shi ne ɗan na'urar da ake ɗaurawa a layin mai, mai auna kason etanol tana gaya wa ƙwaƙwalwa nan take. Da ita ko me ka zuba motar za ta daidaita kanta. Ba ita kuwa, kai ne za ka riƙa tunawa da wane saiti kake kai, kuma ɗan Adam ajizi ne. A Faransa ma tun 2017 doka ta tsara akwatunan sauyawa da aka amince da su, ƙwararre ya ɗaura, a gyara takardun mota.

Ina jin masu BMW da Golf suna cewa E30. Ina ake sayar da shi?

Haɗawa suke yi da kansu a bakin famfo. Injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da famfo na biyu mai matsi sosai, kuma shi ne ke fara gajiya in aka ce ya tura E85 zalla. Sai aka gano cewa etanol kashi 30 zuwa 40 na kawo yawancin ribar ba tare da an sauya famfon ba.

Lissafin ba wuya. Tankin lita 60, ka zuba lita 16 na E85 da lita 44 na E10. Na farko ya ba ka lita 13.6 na etanol, na biyu 4.4, jimla 18, wato kashi 30. Fara zuba E85 ɗin, fetur ya bi bayansa ya gauraya. Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa E85 ɗin 85 ne da gaske. In na hunturu ne mai kashi 70, abin da ke tankinka 26 ne, motar kuma an saita ta don 30.

Yaya zan san ainihin abin da aka sayar mini?

Da ruwa. Etanol ya fi son ruwa a kan fetur, da ya gan shi sai ya bar fetur ya bi shi. Samu kwalbar awo mai layi-layi, zuba ruwa mililita 10, ƙara fetur mililita 100, toshe, girgiza sosai, ajiye na minti biyar. Ruwan zai kwanta a ƙasa. In ya tsaya a 10, ba etanol a man. In ya hau kusa da 20, E10 ne. Akwai 'yan kwalaben da aka zana wa kaso a jiki musamman don E85, kuɗinsu bai kai na faranti ɗaya na abinci ba. A waje za ka yi wannan awo, nesa da mai shan taba.

Akwai sauƙin kuɗi a ciki?

'Yan Birazil suna da ƙa'idar da kowane direban tasi ya haddace: in farashin etanol bai wuce kashi 70 na farashin fetur ba, sha etanol. Ga E85 ma kusan haka za ka auna, tun da tankin da ke kai ka kilomita 500 zai iya sauke ka a 370. Mai motar gudu dai ba da fetur mai araha zai kwatanta ba, da man tsere na cikin duro zai kwatanta, kuma a nan E85 kyauta ne.

Tun da na koma E85 motar na wahalar tashi da safe, baƙin mai kuma yana wari. Lafiya?

Halinsa ne. Fetur cakuɗe ne na abubuwa da yawa, wasu na tashi su zama tururi ko a cikin sanyi. Etanol kuwa sai zafi ya kai digiri 78 na Celsius yake tafasa, a safiya mai sanyi yana shiga silinda a jiƙe. Tsofaffin motocin Birazil har ɗan ƙaramin tankin fetur ake sa musu a gaba don tashin safe kawai. Mai saiti zai iya ƙara man tashi, abin ya yi sauƙi.

Wanda bai ƙone ba yana silalewa ta gefen ringi ya sauka cikin baƙin mai, shi ne warin da kake ji. In kana doguwar tafiya zafi zai kore shi. In daga gida zuwa shago ne kullum, taruwa yake yi yana tsinka man. Na sha buɗe murfin baƙin mai in tarar da wani abu fari-fari a manne kamar man shanu, mai motar ya tsorata wai gaskit ya ƙone, alhali gajeren zango ne kawai. Ni a kan E85 rabin zangon da littafi ya faɗa nake yin juye.

Me ke faruwa da man in mota ta daɗe a ajiye?

A nan ne etanol ke nuna ɗaya fuskar tasa. Motar da ake hawa tana ƙone manta kafin ya samu lokacin yin ɓarna. Wadda ke tsaye kuwa, tankinta na numfashi: da rana iskar ciki ta kumbura ta fita, da dare ta shaƙo sabuwa mai laima. Etanol na tsotse laimar nan yana riƙewa. Da farko wannan ma alheri ne, domin 'yan ɗigon ruwa na bin mai su ƙone ba a sani ba. Amma yana da iyaka. E10 na iya riƙe ruwa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, in gari ya yi sanyi kuma abin da yake iya riƙewa na raguwa. Da an wuce iyakar, sai etanol ya kama hannun ruwan su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki.

Wata shekara wani dattijo ya jawo mana Mustang ta shekarun 1960 da ya bari a rumfa mai danshi hunturu biyu, da mai kwata a tanki. Na zuƙo man daga ƙasa na zuba a kwalba na ɗora kan benci. Kafin in wanke hannu ya rabu gida biyu. Na sama ja-ja kamar shayi ba madara, yana warin tsohon fenti. Na ƙasa, kaurin yatsa biyu, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, da ɓurɓushin tsatsa na yawo a ciki. Bakin bututun da ke jan mai a gindin tanki yake, saboda haka abin da injin ya fara sha ke nan lokacin da dattijon ya yi ta murza makulli har batir ya mutu. Da na buɗe kwanon kafireton, cikinsa ya yi farin gari kamar an barbaɗa kanwa, alminiyon ne ya ciwu.

Na saman ma bai tsira ba. Etanol ɗin da ya gudu da shi aka cika lissafin oktan, abin da ya rage fetur ne mai rauni, wanda inji mai matsi ba zai so ba. Ga kuma tsufan da kowane fetur ke yi ko ba etanol: masu sauƙin tashi su tsere, ragowar ya yi danƙo ya toshe nozul.

Motar zamani ta fi samun sauƙi, domin tankinta a rufe yake, numfashinsa ta cikin gwangwanin gawayi yake bi, yawanci kuma na roba ne. Wata biyu ko uku ba za su yi mata komai ba in murfin tankin na rufuwa da kyau.

Zan tafi gida wata huɗu ko biyar. Me zan yi kafin in kulle ta?

In E10 take sha: yi juyen baƙin mai, je gidan man da ake yawan ciniki, zuba maganin hana mai tsufa a tanki gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, cika da sabon mai, sannan ka yi tafiyar minti goma sha biyar don maganin ya isa har nozul. In akwai fetur marar etanol kusa da kai, shi ya fi. A Amurka ana samunsa a wuraren da jiragen ruwa na shaƙatawa ke shan mai, wani wuri da sunan REC-90. A Ingila sai ka ɗauki E5 mai tsada.

In E85 take sha, mako biyu ko uku ba komai. Watanni kuwa, ƙone shi har ya kusa ƙarewa, cika da fetur, mayar da saitin fetur, ka yi tafiya mai ɗan nisa ya wanke layin. E85 ba ya saurin rabuwa kamar E10 don yana iya haɗiye ruwa da yawa, amma ruwan na nan a cikinsa yana lasar famfo da allurar nozul, kuma ba shi da maiƙon da fetur ke bari a jikin ƙarfe. Nozul ɗin da ya kwana wata biyar a cikinsa yakan manne.

Sauran kuma ka sani: ɗaura batir a kan ƙaramar caja mai kula da shi, ƙara wa tayoyi iska, kada ka ja birkin hannu, toshe bakin salansa saboda ɓera.

In cika tanki ko in zazzage shi?

Cika shi, ka bar ɗan wuri kaɗan na kumbura. Tankin lita 60 a cike yana iya haɗiye ruwa kusan mililita 300 kafin ya rabu, kuma ba iskar da za ta kawo ruwan. Mai kwata a ciki mililita 75 kawai zai iya ɗauka, ga lita 45 na iska na shiga da fita kullum. Zazzagewa sai in ajiyar za ta haura shekara, kuma a tankin ƙarfe sai an fesa masa abin hana tsatsa, in ba haka ba ka guje wa ruwa ka faɗa rijiya.

Na ce wa ƙanena ya riƙa tada ta duk Juma'a ta yi minti biyar a sulo. Ya yi?

Karɓe makullin. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. Inji mai zafi yana fitar da shi ta salansa. Minti biyar a tsaye kuwa ba abin da zai yi zafi, tururin zai kwanta a salansa da cikin baƙin mai, yaron ya kashe ya tafi. Ko dai a fita da ita titi na rabin awa har baƙin mai ya ɗau zafi sosai, ko a bar ta ta yi barcinta. Kuma ka san ƙanenka, ka san abin da rabin awa a titi da wannan motar ke nufi.

Tawa tsohuwa ce mai kafireto. In haƙura da ita?

Ko kusa. Kayan da aka ƙera kafin zuwan etanol ne ba sa shiri da shi: tsohuwar baƙar roba, gaskit na toton kwalaba, fatar famfon mai, da tankin da aka yi da zaren gilashi da danƙo, wanda shi narkewa ma yake yi. Sauya tiyo da mai lamba J30 R9 a jiki, in na cikin tanki ne R10, robobi kuma na Viton. Aikin yini ɗaya ne. Tiyon da ya tsage a kan inji mai zafi shi ne abin tsoro, ba raguwar gudu ba, don haka ajiye abin kashe gobara na gari a motar.

Etanol na ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, kafireto kuma ba shi da ƙwaƙwalwar da za ta lura, saboda haka injin zai ɗan ji yunwar mai. A ƙara masa kaɗan a saiti. Watan farko kuma filta za ta yi ta toshewa, domin etanol na wanke dattin shekara talatin daga bangon tanki. Lokacin ajiya, rufe mai ka bar injin ya shanye na cikin kwanon kafireto har ya mutu da kansa, kamar yadda masu hankali ke yi wa janareto.

Akwai maganin da ke kashe etanol? Wasu kuma sun ce a wanke shi da ruwa, wasu man jirgin sama.

Ba kwalbar da ke cire etanol daga fetur, ba kuma wadda ke mayar da man da ya riga ya rabu. Maganin kirki abu biyu yake yi, ya jinkirta tsufa, ya shafe ƙarfe daga tsatsa. Wankewa da ruwa na aiki, amma za ka ƙare da fetur mai ƙarancin oktan da bokitin guba da ba ka san inda za ka zubar ba. Man ƙananan jiragen sama, 100LL, akwai dalma a cikinsa, zai kashe maka na'urar auna hayaƙi da matatar da ke cikin salansa. Mai kuɗin da ke son ajiyar shekaru ya nemi fetur na gwangwani irin Aspen.

Na sayi mota a gwanjon Amurka zan turo ta gida. Da abin dubawa?

Akwai, kuma wannan amsar ta fi duk na sama tsada. In mai murfi ruwan ɗorawa ce daga kamfani, irin Tahoe ko F-150, ba ruwanka, za ta sha fetur zalla har ta tsufa. Abin tsoro shi ne motar gudu da wani yaro ya yi wa saitin E85 a garejinsa, ta yi hatsari, inshora ta kai ta gwanjo, ba takardar da ta faɗi abin da aka yi mata. A gidajen manmu na Nijeriya ba famfon E85. Ka zuba mata fetur, za ta yi ta baƙin hayaƙi tana jiƙa fulogi, wutarta kuma an gaggauta ta don man da ya fi wannan juriya. Hawa ɗaya mai kyau a hanyar Kaduna ya isa ya kashe injin. Alamunta su ne nozul da famfon da ba na kamfani ba, tiyo mai saƙar ƙarfe, wani ɗan agogo da aka ƙara a gaban direba. In ka ga haka, a mayar da ƙwaƙwalwar saitin kamfani tun motar na can.

Lura kuma da lambar oktan. Amurka da Turai ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba: 87 na Amurka kusan 91 ne na Turai, 93 kuma kusan 98. Motar da aka saita don 93 za ta iso inda fetur iri ɗaya ne a famfo, ba zaɓi. Nemi saiti mafi sauƙi da take da shi.

Kamfanonin jirgin ruwa ba sa karɓar mota da mai fiye da kwata, wato za ta yi makonni a kan teku da tashar Legas ko Kwatano cikin yanayin da na ce a guje masa, tanki kusan wayam, laima ta ko'ina. Da ta fito, kafin doguwar hanya, a cika da sabon mai. In ta kwana watanni a tasha, a zazzage tsohon tukuna. A Arewa hunturu na taimakonka da bushewa, damina ce lokacin lura, zafin bazara kuma na saurin tsufar da mai a jarka.

Masu tuna gurɓataccen man Fabrairun 2022, wanda aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam ya jawo dogayen layuka a Legas da Abuja, wancan metanol ne, wata irin barasa dabam, ya yi yawa a ciki. Sunan ne ya yi kama. Metanol ya fi etanol cin roba da alminiyon nesa ba kusa ba. Gwajin kwalbar nan na ruwa yana kama su duka biyun, sai dai ba ya bambance maka wanne ne.

Na dawo, wata shida tana kulle. In murza makulli?

Dakata tukuna. Buɗe murfin tanki ka sansana. Sabon fetur warinsa na da kaifi, tsoho kuwa tsami-tsami yake kamar fenti. In kana shakka zuƙo kaɗan daga ƙasa ka zuba a kwalba, ka ɗaga ta a haske. Ya yi gajimare ko ya rabu biyu, a zazzage duka, kada ka ce za ka tsarma shi da sabo. In garau yake, leƙa ƙarƙashin motar, matsa kowane tiyo da yatsa ka ji ko ya yi laushi ko ya bushe, cire abin da ka toshe salansa da shi. Kunna makulli ba tare da ka tada ba, sau uku, kana jin kukan famfo yana cika layi, ka sake dubawa ko wani wuri na ɗiga. Sannan ka tada.

Tankin farko a tafi da shi a hankali, ba tobo, ba take totur. In ya kai rabi ka cika da sabo. Saitin E85 kuma ya jira har sai ka auna abin da gidan man ke sayarwa a wannan watan, domin a Afrilu sau da yawa ragowar na hunturu ne a rijiyarsu.